Trasfondo ko Lauje Cikin Naɗi? Raddi Kan Neman Ma'ana a Tushen Kalma

A ɗan littafinmu da ya gabata, wani ɗan'uwanmu na Buza ya rubuta maƙala a kan kalmar Sifaniyanci “trasfondo”, wadda ake amfani da ita in ana nufin abin da ke ɓoye bayan magana ko bayan aiki. Abu ukku ya kafa. Na ɗaya, wai kalmar ta fito daga Latinanci “transfundere”, wato juye ruwa daga wani mazubi zuwa wani. Na biyu, tunda haka ne, wai ainihin ma'anarta ita ce abin da marubuci ke ɗura ma mai karatu a zuci ba tare da ya sani ba. Na ukku, wai Hausa ba ta da kalmar da ta kai wagga, don haka ko mu are ta, ko mu fassara ta da “ma'anar ƙarƙashi”. Daga nan ya ɗauki wanga ma'auni ya auna gajeren labarin nan na ƴar'uwarmu ta Tamaske, na saurayin da ya dawo daga cirani hannu rabbana.

Ɗan'uwa, ka yi ƙoƙari, kuma ka buɗe muna ƙofar da ya kamata a buɗe tun tuni. Amma a kan duka ukkun ina da ja, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da tushen kalmar. “Trasfondo” harɗaɗɗiyar kalma ce mai gaɓa biyu. Ɗafa-goshin “tras” ya fito daga Latinanci “trans”, wato ƙetare, amma a Sifaniyanci ya koma yana nufin baya. “Fondo” kuma daga “fundus” take, wato gindin abu, kamar gindin tukunya ko ƙasan rijiya, har da fili ko gona, tunda ita ce gindin dukiyar Barume. Ke nan kalmar na nufin abin da ke bayan gindi, abin da ya rage bayan ka ɗauka ka kai ƙarshe. “Transfundere” da ka kawo daga wani gida take. Tushenta “fundere” ne, zubawa ko narkarwa. Kamar da sunka yi a baki ita ta ruɗe ka, amma masu nazarin tarihin harsuna sun daɗe da raba su. Duk wanda ya yi lakwal zai iya gwadawa da Faransancin da ke bakinshi: “fond”, “fondation” da “refondation” da muke ji kullum a rediyo ƴaƴan “fundus” ne, “fondre”, “fusion” da “transfusion”, ƙarin jinin da ake yi a likita, ƴaƴan “fundere” ne. Gini daban, zubi daban.

Wani abin kuma, Rumawa ba su taɓa cewa “trasfondo” ba. Tubalan nasu ne, amma mutanen Sipaniya sunka yi ginin da kansu, bayan Latinanci ya daɗe da barin bakin mutane. In ana son a bi irin wanga sawu ba da ka ba, akwai kayan aiki: ƙamus na tushen kalmomi na Joan Corominas, wanda ya fito tsakanin 1954 da 1957, da ƙamus na Real Academia Española, cibiyar da anka kafa tun 1713, wanda ke intanet kyauta. Minti biyar a waya sun isa.

Ga ɗan abin nishaɗi ga mu ƴan Adar. Daga “fundus” ɗin nan Sifaniyanci ya samu “hondo”, mai zurfi, kuma daga nan sunan ƙasar Honduras ya fito. Sautin “f” na farkon kalma ya koma “h” a kalmomi da yawa: “farina” ta zama “harina”, gari, “filius” ya zama “hijo”, ɗa, “ferrum” ya zama “hierro”, ƙarfe. Mu ma inda Bakano zai ce fura, fita, tafiya, mukan ce hura, hita, tahiya. To ko wanga na nufin Adaranci da Sifaniyanci dangi ne? Ko kusa. Leɓɓan ɗan Adam iri ɗaya ne ko'ina, sauti kan sassauta ta hanya ɗaya a wurare masu nisa. Na kawo shi ne don mu gane cewa kama da wane ba ta wane, kuma a kan wanga dutse maƙalar ɗan'uwanmu ta fara tuntuɓe. Hatta manya sun sha faɗawa ramin. Shekaru nawa anka yi ana karantar da mu cewa “boko” daga kalmar Ingilishi ta littafi take? Sai a 2013 Paul Newman ya nuna cewa kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin algus ko abin da ba na ƙwarai ba.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. A ce ma tushen da ya kawo daidai ne. Shin tushe shi ke yanke ma kalma ma'ana? Ku ɗauki “plicare” ta Latinanci, ninkewa. Daga gare ta anka samu “implícito”, abin da ke ninke cikin magana, da “explicar”, warware ninkin. Har nan komi lafiya. Amma daga ita ɗin dai Sifaniyanci ya samu “llegar”, isowa, harshen Romaniya kuma ya samu “pleca”, tashi a bar wuri. Uwa ɗaya, ɗa guda yana isowa, ɗa guda yana tahiya. Wanne ne “ainihin” ma'anar? Babu. Ma'anar kalma tana bakin masu amfani da ita yau. Wayar da ke aljihunka sunanta ya fito daga kalmar Ingilishi ta zaren ƙarfe, alhali ba zare ko ɗaya a jikinta, kuma ba wanda zai ce ka yi kuskure. “Likita” daga sunan mai magani ta fito, amma a Madawa in tsohuwa ta ce za ta likita, gidan take nufi. “Mushe” daga “monsieur” take, amma a wurinmu malamin lakwal ne, ba kowane namiji ba. Tarihin kalma yana gaya muna inda ta biyo. Ba ya gaya muna inda ta sauka.

To mi ke nan amfanin tonon? Akwai. Yana nuna muna hoton da mutane sunka zana a ransu lokacin da sunka raɗa ma abu suna. Ku jera kalmomin Sifaniyanci na wanga fanni ku gani. “Subyacente” daga “sub”, ƙarƙashi, da “iacere”, kwanciya: abin da ke kwance a ƙasa. Daga saiwar nan “yacimiento” ta fito, ma'adinin da ke kwance cikin ƙasa, abin da Faransanci ke ce ma “gisement”, irin na yuraniyom a Arlit. “Subtexto” daga “sub” da “texere”, saƙa: zaren da ke ƙarƙashin saƙa. Ita wagga ma ta shahara ne ta hanyar wasan kwaikwayon Rasha, wurin Stanislavski, wanda ya koya ma ƴan wasa su nemi abin da ɗan wasa ke nufi ban da abin da ya furta. Sai “trasfondo”, bayan gindi. Dukansu hoto guda ne: magana kamar ƙasa ce mai hawa-hawa, mai nazari kuma mahaƙi ne. Ma'ana tana kwance, ba ta motsi, tana jiran mai diga.

Yanzu mu zo ga magana ta ukku, wadda ta fi yi mani ciwo, wai Hausa ba ta da kalma. Haba ɗan'uwa! Kai da ka tashi a gidan da ake daka da luguden taɓarya? Mu fara da waɗanda munka ara daga Larabci, zahiri da baɗini. Saiwar baɗini ita ce “baɗn”, ciki, saiwar zahiri kuma “zahr”, baya. Ga Balarabe, abin da ake gani yana kan gadon baya, abin da ke ɓoye yana cikin ciki. Wanga hoto ya zauna ma Bahaushe daidai, don shi ma can yake ajiya: baƙin ciki, farin ciki, zurfin ciki, kuma ya ce ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Mutanen Sipaniya ma fa sun sha daga wagga rijiya. Larabci ya zauna a ƙasarsu daga 711 har 1492, shi ya sa magajin garinsu “alcalde” da alƙalinmu kalma ɗaya ce, haka “azúcar” da sukari. Amma a wanga fanni su sun riƙe hoton Rumawa, mu munka ɗauki na ciki.

Sai namu na gida. Habaici. Zambo. Gugar zana. Shaguɓe. Hannunka-mai-sanda. Harshen damo. Kurman baƙi. Zaurance. Jirwaye mai kamar wanka. Lauje cikin naɗi. Magana da biyu. Ku lura da abu guda: kusan dukansu ba sunan wuri ba ne, sunan aiki ne tsakanin mutane. Habaici yana da mai jifa, yana da wanda anka jefa, yana da ƴan kallo, kuma ba a kama suna. Zambo yakan fito fili ya siffanta mutum don a yi mishi dariya. Hannunka-mai-sanda gargaɗi ne na mai ƙauna, wanda ba ya son ya kunyata ka. Harshen damo magana ce mai baki biyu, don mai ita ya samu mafita ko ta ina anka tare shi. Zaurance kuwa sauya siffar kalmomi ne don wani ya ji wani kada ya ji. Lauje cikin naɗi zargi ne, mai faɗinshi yana cewa akwai cuta a ɓoye. In ka tattara duk waɗanga ka zuba su a buhu ɗaya ka rubuta “ma'anar ƙarƙashi” a kai, ka yi asara. Kamar ka shiga kasuwar Tunfafi ka ce gero da dawa da maiwa da wake duk sunansu hatsi.

Abin da Turawa sunka zo suna tsarawa daga baya ke nan. Paul Grice ya gabatar da ra'ayinshi na abin da mai magana ke nufi ban da abin da ya faɗa a laccocin 1967, anka buga a 1975. Oswald Ducrot, wanda malamanmu na sashen nazarin harshe ke yawan ambato, ya raba “présupposé” da “sous-entendu” a 1969. Alamar “sous-entendu” ita ce mai magana yana iya musu, ya ce shi bai faɗi haka ba. To wace kishiya ce ba ta san wanga ba? In ta raɗa ma akuyarta sunan habaici tana kiran ta a tsakar gida, aka tuhume ta, sai ta ce ita da akuyarta take. Bahaushe ya riga ya rufe ƙofar da cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ban ce Grice da Ducrot ba su da amfani ba. Sun ba mu tsari da hanyar gwaji. Amma kayan da za a gwada muna da su jibge.

Kuma ba mu ne na farkon nazari da Hausa ba. Ƙetaren iyaka, a jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato, an daɗe ana yi. Abdulƙadir Ɗangambo ya kira hanyar nazarinshi “gadon feɗe waƙa”, ya ari hoton daga mahauta. Kalmar “jigo” da muke amfani da ita kowane mai lambu a Majiya ko Tarka ya san ta, itacen da ke ɗauke da guga. “Warwarar jigo” kuwa, ku duba da kyau, ita ce “explicar” ɗin can, warware ninki, ba tare da an tambayi Rumawa izini ba. A 1990 an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Kafin mu ce babu, mu duba rumbun maƙwabci.

Yanzu mu gwada a kan labarin ƴar'uwarmu, don a nan ake gane ma'aunin da ke aiki. Saurayi ya dawo daga Abijan bayan shekara biyu, ba kuɗi. Da dare uwar tana tankaɗe, ba ta dube shi ba, ta ce ma ƙanwarshi ɗan gidan maƙwabta ya yi ma uwatai ruhin tol bana. Shi kuma ya aje kwanon tuwo ya fita. Ɗan'uwanmu ya ce “trasfondo” na wanga wuri shi ne baƙin cikin da marubuciyar ta ɗura muna. Wannan ba nazari ba ne, rahoton abin da shi ya ji ne. Kowa na iya cewa ya ji baƙin ciki, ba a ƙaru da komi ba.

Ga abin da ke wurin. A zahiri, labari ne uwa ta ba ɗiyarta. A baɗini, habaici ne, kuma muna da shaida a cikin rubutun: an faɗa ma wadda ba ta buƙatar labarin, a kunnen wanda ke buƙatar jin shi, uwar ta kauda ido, ɗan ya aje kwano, wato jifar ta same shi. Mi ya sa ba ta faɗa mishi kai tsaye ba? Marubuciyar ta gaya muna tun shafi na farko cewa ɗan fari ne. Uwa Bahausa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta zauna ta yi ciniki da shi a kan kuɗi. Kunya ta toshe hanyar gaba, sai magana ta bi ta bayan zana. Ke nan habaicin nan yana ɗauke da fushi da kara a lokaci guda: ta soke shi, amma ta bar mishi ƙofar da zai yi kamar bai ji ba. Wanga shi ne gwanintar wurin, kuma ma'aunin “zubawa” bai gan shi ba sam. Inda marubuciyar ta yi rauni shi ne sakin layi na gaba, da ta sa ƙanwar ta bi shi waje tana fassara mishi abin da inna ke nufi. Ta warware abin da mai karatu ya riga ya warware. Habaicin da anka yi ma sharhi ya zama faɗa. Da ta cire wurin, da labarin ya fi ƙarfi.

Amma zan ba ɗan'uwanmu gaskiyarshi a wuri guda. Akwai hawa na ukku a labarin wanda habaici da danginshi ba su kama shi ba, kuma nan ne “trasfondo” ta fi amfani a bakin masu ita. Mi ya sa tun farko saurayin Tamaske ke tafiya Abijan? Mi ya sa rufin ɗaki ya zama ma'aunin ɗa na kirki? Amsar tana cikin tarihin Adar: ƙasar duwatsu da zaizaya, farin 1973 da na 1984, aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da anka fara a 1984 da kuɗin Italiya, wanda mata sunka ɗauki mafi yawan duwatsunshi don maza suna cirani. Ba uwar ce ta ɓoye wanga a cikin maganarta ba. Shi ne ƙasar da maganar ta tsiro a kai. Mutanen Sipaniya za su ce “trasfondo” na tarihi ko na zamantakewa. Mu mi za mu ce? Shawarata mu ce “tushen zance” ko “gindin magana”, waɗanda tsofaffinmu ke faɗi in suna sasanta rigima, su ce a koma gindin maganar. Ga shi kuwa “fundus” ɗin ma gindi ne. Mun iso wuri ɗaya, kowa ta hanyar garinsu.

Ke nan ina ba ƙungiyarmu shawarar mu raba abu ukku a rubutunmu. Zahiri, abin da anka faɗa. Baɗini, abin da ake nufi, kuma duk wanda ya ce akwai baɗini dole ya faɗi irinshi, habaici ne ko hannunka-mai-sanda ko harshen damo, ya nuna mai jifa da wanda anka jefa. Sai gindin magana, halin rayuwa da tarihin da sunka haifi zancen.

Kada wani ya ce wanga gardamar ƴan jami'a ce kawai. A watan Maris na 2025 kundin “Refondation” ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko mi mutum ke gani game da matakin, abu guda ya tabbata: za a buƙaci kalmomin koyarwa, kuma waɗanda ke zaune a aji yau su za su raɗa su. In munka saba da ɗauko kalmar Bature mu sa mata riga, za mu haifi Hausar da sai wanda ya iya Faransanci ke fahimta. Ka karanta “ma'anar ƙarƙashi” a fada a Bangi ko Karofan, za a tambaye ka ƙarƙashin mi. Ka ce gugar zana, kafin ka rufe baki an ba ka misali ukku. Aro ba laifi ba ne, Hausa ta ari dubban kalmomi ta narkar da su. Laifin shi ne aro bisa jahilcin abin da ke ɗakinka.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan kusa da mu. Mai nazarin da ya ɗauka kowace magana tana da wani abu kwance a ƙasa, kuma shi kaɗai ke da diga, yana iya haƙo abin da ya ga dama. Yau zai ce labarin wance baƙin ciki ne, gobe ya ce labarin wane shaguɓe ne ga hakimi ko ga wani babba, alhali marubucin bai nufa ba. Mu garuruwanmu ƙanana ne, kowa ya san gidan kowa, kuma takardar fotokopi tana yawo fiye da yadda muke zato. Kalmomin Hausa suna tilasta maka kawo shaida, don ba ka cewa habaici sai ka nuna wanda anka yi dominshi da alamar da ta nuna haka. In ba ka da ita, ka yi shiru, kada ka rataya ma ɗan'uwanka laujen da bai naɗe ba.

Ɗan'uwa na Buza, ina jiran amsarka a fitowa ta gaba. Ka zo da Corominas ɗinka, amma ka fara biyawa ta wurin inna ka tambaye ta bambancin shaguɓe da gugar zana.